Wanda Ba Zai Iya Ba Ya Ɗaga Hannu

Akwai wani bawan Allah da na sani a zamana na Doha, sunansa Mu'azu, mutumin Funtuwa, injiniya a wani kamfanin gas. Tun da na dawo gida labarinsa yake cina. In na zauna ya taso mini, in na fita ya bi ni. Yau na ce bari in sauke muku shi a shafin nan, ko na samu sauƙi.

Aikin Mu'azu a tsakiyar teku yake. Jirgi mai saukar ungulu ya kai shi inda ake haƙar gas, ya yi makonni, ya dawo. Duk shekara sai likitan kamfani ya auna shi, zuciya da huhu da numfashi. In ya ci gwajin, ya koma teku. In ya faɗi, aiki ya ƙare, kuma a ƙasar can in aiki ya ƙare zama ma ya ƙare. Da wannan aikin yake riƙe da matarsa Khadijatu, da 'yarsu Fiddausi, da mutane da yawa a gida waɗanda ba su taɓa ganin teku ba.

Gidansa a unguwar Old Airport zango ne. Duk Bahaushen da ya sauka Doha bai san kowa ba, can ake kai shi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, falon ba ya ɗaukar mutane, ga tuwo da miyar kuka, ga gardamar siyasar gida.

A cikin waɗanda suka kwana a falon nan akwai Badaruddeen, ƙanin wani abokin Mu'azu na makaranta. Da jaka ɗaya ya zo. Mu'azu ne ya yi ta yawo da shi har ya samu aiki, Khadijatu ce ta ciyar da shi har ya tsaya da ƙafarsa. Daga baya Allah ya buɗa masa, ya samu ofis a ɗaya daga cikin dogayen benayen gilashin nan, ya koma unguwar Al Wukair, ya sayi mota. Yana ce wa Mu'azu Yaya, yana ce wa Khadijatu Anti. Su kuma Badaru suke ce masa, kamar ɗan gida.

Sai korona ta zo.

Mu'azu yana cikin waɗanda ta fara kamawa, kuma ba ta yi masa da sauƙi ba. Ya daɗe a asibiti da bututu a hanci, Khadijatu ba ta ganinsa sai ta waya. Da ya fito, ya ci gwajin kamfani da ƙyar. Likitan ya sa masa hannu, amma ya ce masa huhun nan ya ji rauni, a lallaɓa shi, kada a matsa masa.

Matarsa kaɗai ya faɗa wa. In aka tambaye shi jiki, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, garau."

Amma mai lura ya lura. Ya daina hawa matattakala, sai lifta. In ya ja sallah a gida, gajerun surori yake karantawa. In ya ajiye mota, sai ya ɗan zauna a ciki kafin ya fito.

Shi kuwa Badaruddeen, zaman kulle motsa jiki ya koya masa. Ya sayi takalma, ya sayi agogon nan mai ƙirga taku. Da aka buɗe gari ya buɗe guruf a waya ya sa masa suna Masu Tattaki, duk safiyar Juma'a ana haɗuwa a bakin teku a Kornish, a yi tafiya, a ƙare da shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi. Abu mai kyau, ba wanda zai ce ba haka ba. Mutane suka fara ce masa Shugaba, da wasa da farko, daga baya ya zama suna.

Abu ɗaya ne yake damunsa. Doha shimfiɗe take kamar tabarma, ba ta da dutse ko na rantsuwa. A ofis kuwa, lokacin shan shayi, Turawan da yake aiki da su ba su da hira sai ta duwatsun da suka hau a ƙasashe. Su nuna hotuna, su juyo su ce, "Kai fa?" Shi sai murmushi. Wannan murmushin ya daɗe yana ƙona shi.

Da Kofin Duniya ya matso, aka rufe makarantu, aka tura ma'aikata da yawa gida, aka toshe Kornish ɗin ma saboda baƙi. Gari ya cika da tutoci da hayaniya. Masu Tattaki suka ce mu ma mu fita mu sha iska. Aka tsayar da shawara a je Umra, daga nan a wuce Abha, can kudancin Saudiyya, inda akwai gandun daji na gwamnati a kan manyan duwatsu.

Iyalai kaɗan ne suka tafi, har da su Mu'azu. A Abha wani ɗan guruf ɗin ya same su, Jonah, mutumin Pankshin, makanikin na'urorin sanyaya ɗaki, mutum mai barkwanci da ba a zama kusa da shi a yi shiru. Shi kaɗai ya zo, domin matarsa nas ce, an hana su hutu saboda ƙwallo.

Garin Abha yana can sama, sanyi kamar ba ƙasar Larabawa ba. A gandun, hanyoyi biyu ne suka dace da tafiyar yini ɗaya. Gajeriya tana bin bakin dutsen a miƙe, cikin itatuwa, ta kai ka inda za ka tsaya ka hango kwari. Doguwa kuwa daga saman take farawa, ta gangara ta tsohuwar hanyar ƙafa har ƙasan kwarin, inda akwai wani tsohon ƙauyen duwatsu da idon ruwa. Kuma ta inda ka sauka, ta nan za ka hawo.

Da la'asar, ana gobe za a fita, Khadijatu ta tare Badaruddeen a bakin kicin ɗin masauki.

"Badaru, zo in gan ka."

"Anti, lafiya dai?"

"Lafiya. Wace hanya ka zaɓa mana gobe?"

"Doguwar mana, Anti. Mu taso tun daga Doha mu zo mu yi yawon bakin titi?"

Ta leƙa ta tabbatar ba kowa, sannan ta rage murya.

"Yayanka ba zai iya ba. Tun da muka hawo garin nan iskar ba ta isarsa. A zaune yake barci."

Badaruddeen ya ce, "To ai da sauƙi. Ya zauna a masauki ya huta, mu je mu dawo."

"Kamar ba ka san shi ba. Ya zauna a ɗaki kamar tsohuwa, yaran da ya riƙe su fita da 'yarsa? Ko za a yanka shi ba zai yi ba. Kuma ba zai buɗe baki ya ce ba zai iya ba. Kai za ka ce."

"In ce me?"

"Ka ce gwiwarka ce ta motsa. Ka ce kanka yake ciwo. Duk abin da ya zo bakinka. Kai ne shugaba, in ka ce gajeriya, kowa gajeriyar zai bi, ba wanda zai waiwayi Yayanka."

Dariya ta kuɓuce masa.

"Ni, Anti? Ni da nake hawa benen ofis da ƙafa kullum, in tsaya gaban yaran nan in ce gwiwa? Wallahi har shekara ta zagayo ba za su bar ni in sha ruwa a guruf ba."

"Su yi ta yi. Kai yaro ne, dariya ba za ta rage ka da komai ba. Shi ne ba zai iya ɗauka ba."

"Anti, kina tsorata ne kawai. Rabin hanyar gangara ce. Amma ga adalci: gobe zan tambaya. In ya ce ba zai iya ba, khalas, shi ke nan, an fasa."

"Kada ka tambaye shi, Badaru."

"To yaya zan sani?"

"Ga shi na faɗa maka."

Ya ce zai duba. Ta bi bayansa da kallo har ya shige, ta san bai duba komai ba.

Da safe aka taru a bakin dutsen inda hanyoyin suka rabu. Kowa ya naɗe cikin rigar sanyi. Badaruddeen ya hau kan wani ɗan dutse, sanda a hannu, ya yi jawabi. Ya kwatanta ƙauyen, ya kwatanta ruwan, ya ce wanda bai sauka kwarin nan ba bai zo Abha ba.

Sannan ya ɗaga murya.

"Amma ba dole. Wanda ya san ba zai iya ba, ya ɗaga hannu. Ba abin kunya ba ne."

Sai hannu ɗaya ya tashi. Na Jonah.

Shi Jonah ba wanda ya faɗa masa komai. Ya dai ga Mu'azu a matattakalar masauki, ya tsaya a tsakiya yana yi kamar yana duba waya, ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

"Shugaba, ni kam gajeriyar nake so," in ji Jonah. "Shinkafa da ragon jiya ba su gama sauka ba. In na gangara kwarin nan sai dai a turo mini jaki."

Wuri ya kaure da dariya.

"Kai Jonah, ji tsoron Allah! Kai da aka yanke wa cibi a kan dutse?"

"Mutumin Pankshin yana tsoron gangara! A rubuta wannan!"

"Da gaske nake," Jonah ya ce, amma wa zai yarda? Duk wanda yake wurin ya san in mutum ɗaya ne zai iya hanyar nan da gudu, to shi ne. Uzurin ba daga bakinsa ya kamata ya fito ba.

Da dariyar ta lafa, Badaruddeen ya juya inda Mu'azu yake tsaye.

"Yaya, kai fa? Za ka iya?"

Duk idanu suka koma kansa. Samarin da suka ci tuwon gidansa, matansu, yara. Kafin ya buɗe baki Fiddausi ta riƙe hannunsa, tana cika tana batsewa irin ta 'yan mata masu tasowa.

"Kawu Badaru, Abbana fa a tsakiyar teku yake aiki. Wannan ɗan dutsen ne zai gagare shi?"

Mu'azu ya kalli 'yarsa. Ya yi murmushi.

"Yalla, mu je. Allah ya kai mu lafiya."

Khadijatu ta gyara mayafinta, ta karɓi jakar da ke kafaɗar mijinta ta rataya a tata.

Gaskiya saukar ta yi daɗi. Hanyar tana lanƙwasa tsakanin duwatsu, iska tana kaɗawa, ga kwari shimfiɗe a ƙasa kore shar. Birai suka biyo su, wani ƙato ya fizge ledar dabino daga hannun wani saurayi ya haye dutse yana ci yana kallonsu. Jonah ya ce wannan da ganin idonsa ɗan kamasho ne. Har Mu'azu sai da ya yi dariya.

A ƙasa suka tarar da ƙauyen, gidajen dutse ba rufi, ga ruwa yana fitowa daga tsagar dutse mai sanyi kamar daga firji. Aka yi alwala, aka yi azahar, aka baje abinci. Badaruddeen ya ɗau hoto ta gaba, ya ɗauka ta baya, ya hau katanga ya ɗaga sanda aka ɗauke shi.

Ya zo inda Khadijatu take zuba shayi.

"Anti, kin gani? Ga Yaya can garau, har da ƙarin abinci."

Ba ta kalle shi ba.

"Ɗaga kanka, Badaru."

Ya ɗaga. Dutsen da suka sauko yana tsaye a kansu kamar bango, samansa ya fara shiga cikin gajimare. Mutanen da suka saba da tafiyar Kornish ne. A can in ka gaji sai ka tsaya ka kira tasi. A nan ba tasi, ba wata hanya.

Aka fara hawa.

Ba a yi nisa ba Mu'azu ya tsaya ya ce igiyar takalminsa ta kwance. An ɗan ƙara gaba ya ce bari ya ɗau hoton kwarin. Can kuma ya ce a ba shi ruwa. Daga nan uzuri ya ƙare. Ya jingina da dutse, bakinsa a buɗe, numfashinsa yana fita da wata ƙara kamar ana jan zarto. Leɓɓansa sun yi duhu.

Gajimaren kuwa yana ta saukowa, sanyi yana ƙaruwa. Badaruddeen ya duba sama, ya duba agogonsa.

"Jama'a, in gajimaren nan ya rufe mu da yara a hanya, akwai matsala. Bari in haura da su. Yaya, ka huta, ka taho a hankali, ba gaggawa."

Maganar ba ƙarya ba ce, yaran suna bukatar a fitar da su. Amma akwai samari a wurin da za su iya jan gaba. Bai ce wa ko ɗaya ya ja ba. Shugaba shi ne a gaba.

Fiddausi ta ce ita ba za ta tafi ta bar Abbanta ba. Mu'azu ya tattaro abin da ya rage masa na murya.

"Je ki, uwata. Waya zan yi wa ofis. Yanzu zan cim miki."

Ta tafi tana waiwaye. Aka bar shi da Khadijatu da Jonah.

Ya tsaya a kan ƙafafunsa, yana riƙe da wayar a kunne kamar mai magana, har muryoyin suka yi nisa.

"Jonah. Ta sha kwana?"

"Ta sha, Oga."

Sai ya sulale ƙasa.

Waya ba ta kamawa a cikin kwarin. Ba wanda za a kira. Jonah ya cire rigar sanyinsa ya sa masa, ya durƙusa ya juya masa baya.

"Hau, Oga."

Mu'azu ya girgiza kai.

"Oga, ba roƙonka nake ba. Madam, taimaka mini."

Khadijatu ta kama mijinta ta ɗora shi a bayan Jonah. Hannuwansa ba su da ƙarfin riƙewa, yana zamewa. Ta tsaya ta dube shi. Sannan ta warware babban mayafinta, ta zagaya shi ta bayansa, ta ɗaure a ƙirjin Jonah, irin ɗaurin da ta yi wa Fiddausi tana jaririya. Ƙullin bai kwance ba.

Suka kama hawa. Jonah ya yi taku kaɗan ya tsaya, ya yi kaɗan ya tsaya, gumi yana zuba a cikin wannan sanyi. Duk da haka bakinsa bai mutu ba.

"Oga, ana ta cewa korona ta ramar da kai. Ashe sharri ake mata."

Mu'azu ya matso da bakinsa kusa da kunnensa. Kalma ɗaya, numfashi, kalma ɗaya.

"In mun kusa sama, ka sauke ni. In ƙarasa da ƙafata. Kada yarinyar ta gani."

"To, Oga. Na yi alkawari."

Amma kafin su kusa sama kansa ya langaɓe a kafaɗar Jonah, ya daina amsawa. Ba maganar saukewa kuma. Jonah ya daina barkwanci, ya ƙara sauri, Khadijatu tana tura su ta baya tana kiran sunayen Allah.

A sama, Badaruddeen ya riga ya isa, ya sha ruwa, ya tura hotuna. Da shiru ya yi yawa hankalinsa ya fara tashi, ya sa aka kira ma'aikatan gandun. Suna shirin sauka ke nan sai ga mutum ya ɓullo daga cikin gajimare, a duƙe, da babban mutum goye a bayansa.

Kowa ya gani. Samarin, matansu, yara. Fiddausi ta gani. Ƙarar da ta yi, waɗanda suke wurin sun ce har yau tana kunnensu.

Badaruddeen ya ruga ya kai hannu zai kama. Khadijatu ta sa hannu ta tare shi, a hankali, ba faɗa.

"Bar shi, Badaru. Ka gaji."

Mu'azu bai mutu ba. An kwantar da shi a Abha, daga baya aka mayar da shi Doha aka sake kwantar da shi. Likitoci suka ce huhun da ma a raunane yake, wahalar ta taɓa zuciya. A gadon asibiti ya ƙarasa Kofin Duniya. Ta taga yana jin mutane suna busa ƙaho suna ihu a titi, shi yana koyon jan numfashi.

Da lokacin gwajin kamfani ya zo, bai ci ba. Aka ba shi lokaci ya ƙara murmurewa, aka sake aunawa. Bai ci ba. Aka yi masa godiya da kalmomi masu daɗi, aka ce ya fara shirin tafiya.

Badaruddeen kuwa duk inda ya zauna magana ɗaya yake maimaitawa, ko ba a tambaye shi ba.

"Wallahi na tambaye shi. A gaban kowa na tambaye shi. Da bakinsa ya ce mu je."

Sai a ce masa, "Haka ne, Shugaba." Ba wanda ya yi masa faɗa, ba wanda ya fita daga guruf. Kun san halinmu. Da aka buɗe Kornish ya sa sanarwar tattaki, kowa ya turo hannun yabo. Ranar Juma'a ya je ya tsaya shi kaɗai. Wannan ya ce yaro ba lafiya, wancan ya ce ya makara. Mako na gaba ma haka. Har ya daina sa sanarwar.

Da tafiyar su Mu'azu ta matso, jama'a suka haɗa musu walimar bankwana a wani zaure a unguwar Mesaimeer. An cika sosai, domin da wuya ka sami wanda bai ci abincin gidan nan ba. Mu'azu yana zaune a kujera a gaba, ya rame, babbar rigarsa ta yi masa yawa.

Ana cikin jawabai Badaruddeen ya tashi ya karɓi makirufo. Hawaye na gaske suna zubo masa. Ya faɗi yadda ya zo da jaka ɗaya, yadda aka riƙe shi. Sannan ya zo gaban kujerar ya durƙusa, makirufon yana hannunsa.

"Yaya, a gaban jama'ar nan nake roƙonka. Ka yafe mini?"

Wayoyi suka tashi sama ana ɗauka.

Mu'azu ya dafa kansa.

"Haba Badaru. Me ka yi mini? Abin da Allah ya rubuta ne. Tashi, tashi."

Aka yi kabbara, wasu mata suna share ido. Badaruddeen ya tashi yana jin kamar an sauke masa dutse daga ka.

Da aka watse ya tarar da Khadijatu a waje tana jera kuloli a bayan mota. Ya karɓi ɗaya ya sa mata.

"Anti, kin ji dai. Yaya ya yafe mini."

Ta rufe bayan motar, sannan ta juyo ta dube shi, karo na farko tun Abha.

"Na ji. Ranar da ya ce zai iya ma ai ina wurin."

Ta shiga mota. Ya tsaya a wurin har fitilunsu suka ɓace. Wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu. Yana kiran waya, Mu'azu yana ɗauka, a gaisa, a tambayi aiki, a yi sallama. Ko an yafe masa, ko kara aka yi masa, bai sani ba, kuma ba shi da hanyar da zai sani.

Da na dawo gida, cikin yawon da nake ta yi na rasa inda zan tsaya, na bi ta Funtuwa na je gaishe shi.

Gidan da ya gina da guminsa na teku bene ne, mai kyau, da baranda a sama. Shi da kansa ya zana shi tun yana Doha. Amma a ƙasa na same shi, a wani ɗan ɗaki kusa da ƙofa wanda da ma don ajiye kaya aka yi shi. Nan aka sa masa gado, nan yake sallah a kan kujera. Fiddausi ta kawo mini ruwa. Ta girma, ta yi shiru, ba ta ɗaga ido. Duk motsin da mahaifinta ya yi sai ta waiwaya.

Mun yi hira, yana yi yana hutawa. Ya tambayi mutanen Doha ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Jonah ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya tambayi Badaru ma, ya ce Allah ya yi masa albarka.

Da zan tafi na ce, "Yaya, gida ya yi kyau, masha Allah. Saman ma haka yake?"

Ya kalli matattakalar, ya daɗe yana kallonta.

"Haka suke cewa. Hau ka gano mini. An ce daga barandar ana hango dutsen gari."

Darasi: Ba kowace tambaya ce tambaya ba. In ka tambayi mai kunya a gaban mutane ko zai iya, ka riga ka amsa masa, kuma alhakin amsar yana wuyanka. In tafiya ta haɗa ku, ku auna hanya da numfashin wanda ya fi kowa rauni, ba da ƙarfin na gaba ba. In kuma rufin asirin wanda ya riƙe ka yana bukatar a yi maka dariya, ka bari a yi, za ta wuce, amma lafiyar da ta tafi ba lallai ta dawo ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu jan ragamar tafiya da masu shirya taro. Wataƙila akwai wani a cikinku da yake murmushi yana cewa "mu je", alhali ƙirjinsa yana roƙon a tsaya.